Tabilet ɗin Tafsirin Baffa

Mannir malamin kwamfuta ne a wata sakandare mai zaman kanta a Tambuwal, kuma a danginsu kaf, daga Tambuwal har Kebbe, ba wanda zai sayi waya bai fara jin ta bakinsa ba. Shi ma yana jin daɗin hakan. In aka miƙo masa waya ba ya kallon kyanta, cikinta yake shigewa ya karanta lambobi, sannan ya taɓe baki ko ya gyaɗa kai, mai ita na tsaye yana jiran hukunci.

Saura mako biyu a kama azumi ya je Kebbe gaida Baffansa, Malam Ubaidullahi, yayan mahaifinsa. Malam ya haura shekara talatin yana tafsiri a rumfar ƙofar gidansa bayan la'asar. A wannan shekarar likita ya ce maƙogwaronsa ba zai ƙara ɗaukar doguwar magana ba. Malam ya ce a yi masa haƙuri ya yi na bana, daga nan ya miƙa wa ɗalibansa. Kowa a gidan ya san wannan ne na ƙarshe.

Rauda, babbar 'yar Malam, malamar firamare ce a nan Kebbe, ta girmi Mannir da shekara takwas. Ita ta goya shi lokacin da aka kawo shi yaye gidan. Bayan ya gama gaisawa da manya ta kira shi gefe, ta zaro wani tsohon tabilet daga jakarta, kusurwarsa ɗaya a tsage.

"Na Fiddausi ne, wadda muke koyarwa tare. Ta ce za ta bar min shi. So nika in aje shi bisa tagar ɗakin Baba, daidai inda yake zama, in ɗauki tafsirin daga farko har ƙarshe. Duba min ko zai yi."

Mannir ya karɓa, ya shiga ciki ya duba, sai ya yi dariya.

"Yaya Rauda, wanga ai faranti ne. Memorinsa giga talatin da biyu, ram biyu. Kwana ukku zai cika ya tsaya miki."

"Murya kaɗai nika so. Fiddausi ta ce murya ba ta cin wuri."

"Murya kaɗai? Tafsirin Baffa na ƙarshe, jikoki su taso su ji shi ba su gan shi ba?"

Wannan maganar ta shige ta. Ta jujjuya tabilet ɗin a hannu, sannan ta mayar da shi jaka. Ta ce to ya zaɓo mata wanda ya ga ya dace, tunda shi ya san kansu.

Ranar Asabar ya shiga mota zuwa Sakkwato. Ya zaga kasuwar waya rumfa rumfa yana tambayar memori, yana raina duk abin da aka nuna masa, har ya faɗa wani shago a can ciki inda aka sauko masa da wani farin kwali mai sheƙi. A jikinsa an rubuta giga ɗari biyar da sha biyu, ram sha shida. Sunan kamfanin bai taɓa jin sa ba. Farashin kuma ya yi sauƙin da ya kamata a ce ya tsaya ya yi tunani, kuma tunanin ya zo masa, sai dai bai bar shi ya zauna ba. Mai shagon ya kunna, ya buɗe masa inda ake duba lambobi, suka fito daidai da na kwali. A ciki har da katin memori na kyauta, shi ma ɗari biyar da sha biyu. Tun daga nan har motar ta wuce Dogon Daji, abin da Mannir yake hangowa shi ne fuskokin mutanen Kebbe in ya buɗe kwalin.

Kuma haka aka yi. Aka taru a tsakar gidan Malam ana taɓawa. Goggo Asma'u, ƙanwar Malam, wadda ba a cika burge ta ba, ta ce abin kamar madubin amarya. Mannir da hannunsa ya saka katin, ya saita kamara a kan hoto mafi kyau, ya sa duk abin da aka ɗauka ya riƙa sauka a kati. Ya nuna wa Rauda jan maɓallin da za ta danna in an fara, ta sake dannawa in an shafa.

"Ko shekara ukku Baffa zai yi yana magana, ba zai cika ba," in ji shi.

Malam dai abu ɗaya ya tambaya. "Shina riƙe magana yadda anka faɗe ta?"

"Har tarinka, Baffa."

Aka kama azumi cikin zafi mai tsanani. Kullum da la'asar Rauda takan jingina tabilet ɗin a tagar, ta tokare shi da littattafai biyu, ta zauna a ciki tana saurare. Kwanakin farko ta riƙa buɗewa bayan an sha ruwa, tana kallon mahaifinta da farin rawaninsa, murya tar. Ta kira Mannir ta sa masa albarka.

Ranar tara ga wata ta sake kiransa. Yana ɗakin malamai, ga ƙishi, ga tulin takardun jarrabawa a gabansa.

"Mannir, na jiya ya ƙi buɗewa. In na danna sai baƙi ya fito."

"Sunansa na nan a jeri?"

"Shina nan."

"To ai shi ke nan. Nauyi bidiyon ya yi. In na zo da sallah zan sa miki abin da ke buɗe irinsu."

"Na ce ko in riƙa aje na Fiddausi kusa da shi, shi ma ya ɗauki murya? Don kada..."

"Yaya Rauda, in ba ki yarda da ni ba ki faɗa min. Ni na je har Sakkwato da ƙafata. Yanzu sai a ga faranti kusa da shi, a ce abin da na sayo ba ya aiki?"

Ta ce ba haka take nufi ba, ya yi haƙuri. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Ranar rufe tafsiri Mannir bai samu zuwa ba, labari ya ji. An ce muryar Malam ta dusashe har sai da mutane suka matso suka kewaye shi. Ya nemi gafarar duk wanda ya taɓa saɓa wa a shekarun nan, ya kira sunayen abokansa da suka fara zama a rumfar waɗanda yanzu ba su, manyan mutane suna share hawaye da bakin riga. Daga wannan rana Malam bai ƙara magana sama da raɗa ba.

Washegarin sallah dangi suka cika gidan. Bayan an ci abinci aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogon yaro, Goggo Asma'u ta ce a sa musu ranar rufewa, ita a bayan zana take ranar, ba ta ga fuskar yayanta ba. Rauda ta kawo tabilet ɗin a nannaɗe cikin ɗankwali ta miƙa wa Mannir.

Duk suna nan a jere, ashirin da tara, kowanne da kwanan watansa. Ya danna na ƙarshe, baƙi ya fito. Ya sa abin da ya yi alkawarin sawa, ya sake dannawa, baƙi. Ya koma na ashirin da takwas, na ashirin, na sha biyar. Ya yi ta hawa sama yana dannawa har ya kai na huɗu, wanda ya buɗe ya yi rabi ya tsaya cak, Malam ya ɗaga hannu bakinsa a buɗe. Na ɗaya da na biyu da na uku ne kawai lafiyayyu.

Zufa ta jiƙa wuyan sabuwar rigarsa. Mutum ya fi ashirin a wurin, duk shi suke kallo. Ya ji in ya ƙara minti ɗaya bai ce komai ba, wani zai tambayi abin da ba ya so a tambaya. Sai ya ɗago kai.

"Yaya Rauda, mi kika taɓa?"

"Ban taɓa komai ba. Jan nan da ka nuna min, shi kaɗai."

"Ba zai yiwu ba. Na'ura irin wagga ba ta ɓata abu da kanta. Ko dai kin shiga inda ba ki sani ba, ko kin cire katin yana cikin aiki."

"Na kira ka ranar tara ga wata."

"Guda ɗaya kika ce min. Da kin ce duka ne, da na hau mashin a ranar."

Goggo Asma'u ta tafa hannu. Ta ce ita dama ta faɗa a ranta, abu mai daraja haka ba a barin sa hannun mai rawar kai, ga shi nan ta shafe maganar ubanta ta ƙarshe. Wasu suka ce a yi haƙuri, ba da gangan ba ne, wanda shi ma ɗora mata laifin ne da lallashi. Rauda ta dubi Mannir, ba da fushi ba, kamar dai tana jiran ya ƙara wani abu. Da bai ƙara ba, ta tattara kwanukan da ke gabanta ta shige madafa. Malam ya ɗaga hannu, aka yi tsit, ya ce cikin raɗa a bar maganar.

Mannir ya tafi da tabilet ɗin Tambuwal da sunan zai ceto abin da ya ɓace. Kwana uku yana fama da shi a kwamfutar makaranta, bai samo ko kalma ɗaya ba. A na huɗu ya tafi bakin tasha, rumfar Bilyaminu mai gyaran waya. Ajinsu ɗaya a sakandare, amma Bilyaminu bai ci gaba da karatu ba, kuma Mannir ya sha faɗa a bayan idonsa cewa aikinsa kwance-kwance ne kawai.

Bilyaminu ya zare katin, ya duba shi a haske, ya saka a tsohuwar kwamfutarsa ya sa ta auna shi. Suka zauna a benci suna jira, suna hirar zafi da ƙarancin wuta. Da ta gama ya juyo da fuskar kwamfutar.

"Malam Mannir, katin ga giga takwas ne. Rubutun jikinsa kawai ad ɗari biyar. Irinsu in sun cika ba su faɗi, sai su ci gaba da rubuta suna ba komai ciki. Tabilet ɗin ma na duba, sha shida ne, ram ɗinsa bai kai biyu ba. Lambobin da kake gani ciki, su sunka rubuta abinsu."

"Ba za a iya dawo da su ba?"

"Abin da bai shiga ba, ina za a dawo da shi?"

Mannir ya ce, "In da a ce mai riƙe da shi ya taɓa wani wuri fa, ko ya cire katin..."

"Ko kai ka riƙe shi, haka za ta faru." Bilyaminu ya miƙa masa katin. "Wa ya sa anka yi bidiyo ma? Da murya kaɗai anka ɗauka, ko wanga katin na ƙarya da ya ɗauke watan gaba ɗaya har ya yi saura. Karatu ai ba ya son wani babban memori."

Bilyaminu bai san inda maganar ta sauka ba, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Mannir ya yi godiya ya fito. Ya bi ta bayan tasha don kada ya haɗu da wanda ya sani.

Ya kwana biyu yana shirya abin da zai faɗa a Kebbe. Zai iya cewa wata cuta ce ta shiga na'urar, ba wanda zai gane. Zai iya yin shiru har maganar ta mutu da kanta. Yana cikin wannan mahaifiyarsa ta ce masa, tana tsince shinkafa, wai Goggo Asma'u ta je Sanyinna kai gudummawar bikin da za a yi a dangi, ta ba kowa labarin yadda Rauda ta goge tafsirin ubanta. Rauda kuma ta aika ta ce ba za ta samu zuwa bikin ba.

"Yarinyar nan ta ban tausai," in ji mahaifiyar. "An ce ko makaranta in ta je ba ta zama cikin malamai."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Ya daɗe zaune a bakin gado da katin a tafin hannunsa, ɗan abu kamar farce.

Ranar Asabar da safe ya hau kabu-kabu zuwa Kebbe. Hanyar ta yi ta jijjiga shi, kuma a kowane rami yana jin kamar ya ce wa mai mashin ya juya. Da ya isa ya gaida Malam a ɗakinsa, ya roƙa a kira Goggo da Rauda. Suka zo suka zauna, Rauda a bakin ƙofa. Mannir ya durƙusa, ya ajiye tabilet ɗin da katin a kan buzun Malam.

Ya fara da kwalin, da yadda aka cuce shi a kasuwa, ya ji kansa yana neman ya mayar da labarin na mugun ɗan kasuwa. Sai ya tsaya.

"Baffa, ba wannan na zo faɗi ba. Na ga alamar abin bai da kyau tun a shago, na ƙi tsayawa. Yaya Rauda ta ce murya kaɗai, na hana. Ta kira ni tara ga wata, ta ce a aje na biyu, na hana. Da na bari, da duk tafsirin na nan. Ba ta taɓa komai ba. Ni na ɗora mata don kada a ce ban iya ba."

Goggo Asma'u ta ja mayafinta ta rufe baki, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ka sa na ci mutuncin ɗiyar ɗan'uwana har Sanyinna." Ba ta dubi wajen Rauda ba.

Mannir ya juya. "Yaya, ki gafarce ni. Sai ranar Talata na san katin na ƙarya ne."

"Katin ban san shi ba," in ji Rauda. "Amma na san ban taɓa komai ba. Kai ma ka sani tun a ƙarƙashin itacen can. Na gani a fuskarka."

Mannir ya sunkuyar da kai yana kallon saƙar tabarma.

Malam ya yafito shi da hannu. Ya matsa har kunnensa ya kusa bakin tsohon.

"Tafsirin an yi shi don waɗanda sunka zo, sun kuma ji. Wannan ba ya damuna ƙwarai. Abin da ka ɗora wa 'yar'uwarka gaban mutane ka ɗora shi. Nan mu fuɗu ne."

"Na ji, Baffa."

Da zai tafi Rauda ta tsayar da shi a zaure. Ta miƙa masa wata takarda da ta yago daga littafin makaranta, da sunayen mutane sha uku. Tun bayan sallah ta riƙa tambayar matan unguwa, ta gano akwai waɗanda suka riƙa ɗaukar karatun a wayoyinsu in sun zo, wani kwana biyu, wani biyar. Na cikin gari ta riga ta karɓo. Sauran suna ƙauyuka da rugage, ita kuma ba ta da halin zuwa.

"Ba don na huce na ba ka ba," ta ce. "Kai ke da lokacin Asabar."

Asabar uku ya yi yana yawo a kan aron mashin. Ya zauna a gonar albasa yana jiran mai ita ya gama ban ruwa, ya bi wani mahauci har kasuwar ƙauye, ya kwashi sauti daga wayoyin da ko sunansu ya goge. Duk wanda ya tambaye shi me ya sami na gidan Malam, sai ya faɗa masa, kuma faɗar ba ta yi sauƙi ba ko sau ɗaya. Suka haɗa kwana sha bakwai, wasu rabi, wasu da kukan awaki da ƙarar mashin a ciki. Ranar rufewa a wajen mutum ɗaya aka same ta, wani makiyayi mai suna Na'iya wanda wayarsa na aljihu lokacin. Muryar Malam na fitowa kamar daga cikin randa, kuma ta yanke kafin addu'a. Sauran kwanakin ba a same su ba.

Bikin Sanyinna ya zo a ƙarshen watan. Rauda ta je, bisa umarnin mahaifinta. Bayan ɗaurin aure Mannir ya faɗa wa maza gaskiyar abin da ya faru a ƙofar gida, suka ce ai ba komai, ya wuce, wasu suna kau da kai don su rage masa nauyi. Saura mata. Ya aika a yi masa iso, ya tsaya a bakin zauren ciki, gabansa tsakar gida cike da goggonni da innoni da tukwane a kan wuta. Aka tsagaita da hayaniya. Ya hango Rauda a can gefe tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

Ya faɗi abin da ya zo faɗi, idonsa a ƙasa, da sauri, kamar mai karanta sanarwa. Da ya kai ƙarshe ya ji numfashinsa ya dawo, ya juya zai fita.

Wata tsohuwa da ke zaune a kan turmi, kakar amarya, ta kama kunnenta da hannu.

"Wane ne wanga? Ɗan Tambuwal? Mi yac ce? Ni ban ji komai ba. Ku ce mishi ya matso ya ɗaga murya."

Mannir ya tsaya. Ya cire takalmansa a bakin zauren, ya tako har tsakiyar gidan inda kowa ke ganinsa, ya durƙusa a gaban tsohuwar, ya sake farawa daga kwalin.